Rediyon dijital: Wace riba mai saurare zai samu, kuma wa zai biya kuɗin akwatin?

Tun a shekarar 1995 manyan gidajen rediyon gwamnati a nahiyar Turai suka fara watsa shirye-shiryensu ta fasahar dijital, tare da alkawarin murya tangaran da ƙarin tashoshi da kuma rage kuɗin da ake kashewa. An cika wani ɓangare na wannan alkawari. Sai dai abin da ya faru a ƙasashen Norway da Suwizalan da Indiya, da kuma gwaje-gwajen da aka yi a Afirka, ya nuna cewa ribar ba ta kai wa ga mai saurare sai ranar da akwatin rediyon da zai iya kama sabon tsarin ya shiga hannunsa a kan farashin da aljihunsa zai ɗauka.

Da misalin ƙarfe 11 da minti 11 na safiyar ranar 11 ga watan Janairun 2017, aka kashe na'urorin watsa shirye-shirye na zangon FM a lardin Nordland da ke arewacin ƙasar Norway. Daga nan aka ci gaba da kashe su lardi bayan lardi, har zuwa ranar 13 ga watan Disamba na wannan shekara, lokacin da Norway ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta raba tashoshinta na ƙasa baki ɗaya da zangon FM. Tun daga lokacin, hukumomin sadarwa a sassa daban-daban na duniya suke duba wannan mataki, wasu da niyyar koyi, wasu kuma da niyyar kauce wa kura-kuran da aka yi.

Yadda fasahar take aiki

A tsohon tsari, wato na gajeren zango da matsakaicin zango da kuma FM, ana ɗora muryar mai magana ne kai tsaye a kan igiyar da ke tafiya cikin iska. Duk abin da ya gamu da igiyar a hanya, kamar tsawa ko injin janareto ko wata tasha da ke maƙwabtaka da mitar, yana shiga cikin abin da kunne zai ji. Wannan ne asalin ƙugi da shuu ɗin da masu kama gajeren zango suka saba da shi, musamman da damina.

A tsarin dijital kuwa, ana mayar da muryar zuwa lambobi irin na kwamfuta, a matse su, sannan a aika tare da wasu ƙarin lambobi da ke taimaka wa akwatin rediyo ya gyara abin da ya lalace a hanya. Matuƙar saƙon ya iso da ƙarfin da ake buƙata, mai saurare zai ji muryar kamar yadda ta fito daga ɗakin watsa shirye-shirye.

Akwai manyan tsare-tsare guda uku da ke gogayya da juna. Na farko shi ne DAB, wanda aka ƙirƙiro a Turai ƙarƙashin wani shirin bincike mai suna Eureka 147, aka kuma inganta shi zuwa DAB+ a shekarar 2007. Wannan tsari yana haɗa tashoshi goma sha wani abu a kan mita guda, a watsa su daga na'ura ɗaya, kuma ya fi dacewa da birane da ƙasashe masu cunkoson jama'a. Na biyu shi ne DRM, wanda wata ƙungiyar gidajen rediyo da kamfanonin ƙera na'urori ta kafa a birnin Guangzhou na ƙasar Sin a 1998, aka kuma ƙaddamar da shi a birnin Geneva a watan Yunin 2003. An yi shi ne da farko domin gajere da matsakaicin zango, wato domin isar da murya mai kama da ta FM zuwa wurare masu nisan ɗaruruwa ko dubban kilomitoci. Na uku shi ne HD Radio, wanda hukumar sadarwar Amurka ta amince da shi a 2002, kuma bai yaɗu sosai ba a wajen Arewacin Amurka. Akwatin da aka ƙera domin ɗaya daga cikin waɗannan tsare-tsare ba ya kama sauran, sai dai in tun farko an saka masa kayan da za su ba shi damar yin haka.

Ribar da ta tabbata

Babbar ribar da masu sauraron gidajen rediyon gwamnati suka gani ita ce yawan zaɓi. Zangon FM ya taƙaita ne daga mita 87.5 zuwa 108, kuma dole a bar tazara tsakanin tasha da tasha, saboda haka wurin yakan cika. A Norway tashoshi biyar kacal ne ke iya karaɗe ƙasar ta FM, uku na gidan rediyon gwamnati NRK, biyu kuma na 'yan kasuwa. Ta hanyar DAB adadin ya haura ashirin tun kafin a kashe FM. Hakan ya ba NRK damar ware tasha ta musamman ga yara, da wata ga dattawa, da ta labarai zalla, da kuma ta al'ummar Sami, ƙabilar da ke da nata harshen a arewacin ƙasar.

A Birtaniya ma haka abin ya kasance. A shekarar 2002 BBC ta buɗe sabbin tashoshin dijital, ciki har da 1Xtra da 6 Music, ta kuma faɗaɗa Asian Network, tashar mutanen da suka samo asali daga kudancin Asiya, ta zama ta ƙasa baki ɗaya. Da aka yi yunƙurin rufe 6 Music a 2010 domin tsuke bakin aljihu, masu saurare sun yi ca, har aka janye shawarar. Wannan ya nuna cewa tashar da ba ta da gurbi a FM tana iya samun jama'arta.

Wannan batu yana da muhimmanci ga gidan rediyon gwamnati fiye da na ɗan kasuwa, domin nauyin da ke kansa shi ne ya yi magana da kowa, har da waɗanda masu tallace-tallace ba su damu da su ba. A ƙasa mai harsuna da yawa, inda ake ba ƙaramin harshe minti goma sha biyar ko talatin a mako, samun gurbin tashoshi goma a inda a da ake da guda ɗaya ba ƙaramin sauyi ba ne.

Riba ta biyu ita ce ta kuɗi. Gwamnatin Norway ta ce watsa shirye-shirye ta FM a ƙasar mai yawan tsaunuka da mashigan teku ya ninka na DAB tsada har sau takwas, ta kuma ƙiyasta cewa za a riƙa rarar kimanin kurona miliyan 200 a kowace shekara. Ita ma ƙungiyar DRM tana cewa na'urar da aka mayar kan tsarinta za ta iya karaɗe yanki ɗaya da rabin wutar lantarkin da take ci a da, ko ma ƙasa da haka.

Riba ta uku ta shafi ceton rai. Tsarin DRM da na DAB+ duka suna da hanyar aika gargaɗin gaggawa, ta yadda akwatin da aka ƙera domin haka zai iya sauya tasha da kansa, ko ya farka daga yanayin jira, ya sanar da ambaliya ko guguwa ko girgizar ƙasa, tare da rubutu a kan ɗan allonsa. Jamus ta ƙara mayar da hankali kan hanyoyin gargaɗi bayan ambaliyar watan Yulin 2021, wadda ta hallaka mutane sama da 180 a ƙasar, ta kuma katse layukan wayar salula a wuraren da aka fi buƙatarsu. Akwai kuma ƙananan sauƙaƙawa, kamar zaɓen tasha da sunanta ba tare da murɗa mita ba, da ganin kanun labarai ko sunan shirin da ake yi a rubuce.

Inda gizo ke saƙar

Ko da yake majalisar dokokin Norway ta gindaya sharuɗɗa tun a 2011, ciki har da cewa sai sabon tsarin ya kai ga kusan kowane gida, kuma sai rabin masu saurare sun riga sun koma dijital, jama'a ba su yi na'am da kashe FM ba. Wata ƙuri'ar jin ra'ayi da jaridar Dagbladet ta buga gab da fara aikin ta nuna cewa kashi 66 cikin ɗari na adawa da matakin, kashi 17 ne kawai ke goyon baya. Kimanin motoci miliyan biyu ne ba su da rediyon DAB a lokacin, a ƙasar da yawan jama'arta bai wuce miliyan biyar da 'yan kai ba, kuma masu motocin ne suka biya kuɗin na'urar da za a maƙala. Yawan masu sauraron rediyo a kullum ya ragu bayan sauyin, NRK ma ta ji a jikinta. Su kuwa ƙananan tashoshin yankuna an ƙyale su a kan FM, an kuma yi ta ƙara musu wa'adi.

Abin da ya faru a Suwizalan ya fi wannan jan hankali. Gidan rediyon gwamnati na ƙasar, SRG, ya kashe na'urorinsa na FM a ranar 31 ga watan Disamban 2024, yana mai cewa 'yan ƙalilan ne suka rage da ke dogaro da FM kaɗai. Amma tashoshin 'yan kasuwa sun ci gaba da zama a FM, kuma a cikin watannin da suka biyo baya alƙaluma sun nuna cewa tashoshin SRG sun yi asarar ɗimbin masu saurare. Mutane da dama, musamman a cikin mota, ba su sayi sabon akwati ba, sai kawai suka murɗa zuwa tashar da ke kamawa. A shekarar 2025 majalisun dokokin ƙasar biyu suka goyi bayan a ci gaba da amfani da FM bayan wa'adin ƙarshen 2026 da aka tsayar.

Wasu ƙasashen ma ja da baya suka yi gaba ɗaya. Finland ta rufe tashoshinta na DAB a 2005, gidan rediyon gwamnatin Ailan, RTE, shi ma ya yi haka a 2021 saboda ƙarancin masu amfani da shi. Birtaniya, wadda ke cikin ƙasashen da suka fara, ta bayyana a 2021 cewa FM zai ci gaba da aiki aƙalla har zuwa 2030. Abin da ya fi taimaka wa DAB+ a Turai a 'yan shekarun nan shi ne dokar Tarayyar Turai da ta wajabta cewa daga watan Disamban 2020 duk sabuwar motar da za a sayar da rediyo a cikinta, sai ya kasance mai kama tashoshin dijital.

Bugu da ƙari, fasahar kanta tana da nata rauni. Tashar gajeren zango idan ta yi nisa takan yi ƙasa-ƙasa tana ƙugi, amma mai haƙuri zai iya tsintar labarin. Ta dijital kuwa, da zarar ƙarfin saƙon ya gaza wani mizani sai muryar ta riƙa yankewa, ko ta ɗauke ɗif. Har ila yau akwatunan dijital sun fi cin batir, saboda aikin lissafin da suke yi kafin su fitar da murya.

Indiya: na'urori sun riga akwatuna

Indiya ce ƙasar da ta fi kowace zuba jari a tsarin DRM. Gidan rediyon gwamnati na All India Radio ya girka manyan na'urorin matsakaicin zango sama da talatin masu aiki da wannan tsari, waɗanda ke iya kai wa ga ɗaruruwan miliyoyin mutane. Kamfanonin ƙera motoci irin su Maruti Suzuki da Hyundai sun saka rediyon DRM a cikin miliyoyin sabbin motoci. To amma ƙaramin akwatin hannu mai araha, irin wanda manomi zai rataya a kafaɗa, ya daɗe bai wadata a kasuwa ba. Sakamakon haka, wanda ya fara cin moriyar na'urorin da aka saya da kuɗin jama'a shi ne mai halin sayen sabuwar mota, alhali an kafa tashoshin matsakaicin zango ne tun asali domin mutanen karkara.

Gwajin da Afirka ta yi

Nahiyar Afirka ta riga ta ɗanɗana irin wannan. Wani lauya haifaffen Habasha, Noah Samara, ya kafa kamfanin WorldSpace da burin kai rediyon dijital ga ƙasashe matalauta ta tauraron ɗan Adam. An harba tauraron AfriStar a watan Oktoban 1998, kuma murya ta riƙa saukowa tangaran daga Dakar har zuwa Nairobi. Sai dai akwatunan sun yi wa talaka tsada, daga baya kuma aka ɗora kuɗin rajista a kan yawancin tashoshin. A watan Oktoban 2008 kamfanin ya bayyana cewa ya karye.

A Najeriya, an ƙaddamar da tashar watsa shirye-shirye ta Muryar Najeriya da ke Lugbe a Abuja a shekarar 2012, da manyan na'urorin gajeren zango masu iya aiki da DRM da kuma eriya mai juyawa. Amma akwatunan da ke kama wannan tsari ba su zama kayan da ake gani a kasuwar Sabon Gari ta Kano ko ta Alaba a Legas ba. Ghana kuma ta ƙaddamar da gwajin DAB+ a biranen Accra da Kumasi a watan Agustan 2023 da tashoshi 18, kuma dalilin da hukumar sadarwar ƙasar ta bayar shi ne cunkoson da ya yi wa zangon FM yawa a manyan birane.

Akwai kuma darasin talabijin. A ƙarƙashin yarjejeniyar Geneva ta 2006, an tsayar da ranar 17 ga watan Yunin 2015 a matsayin wa'adin komawa talabijin na dijital. Najeriya ta saɓa wa'adin 2012 da ta ɗibar wa kanta, ta saɓa na 2015 da na 2017, duk da gwajin da aka fara a Jos a watan Afrilun 2016. Ɗaya daga cikin manyan matsalolin shi ne samar da akwatin da za a haɗa da talabijin a farashi mai sauƙi. Wannan jinkiri ya shafi rediyo kai tsaye, domin zangon da DAB+ ke amfani da shi, daga mita 174 zuwa 230, shi ne wanda tsofaffin tashoshin talabijin da dama suka daɗe a kai.

Abin da ke kan sikeli ga mai sauraron Hausa

A ƙasar Hausa rediyo ya wuce abin nishaɗi. Tun daga kafa gidan Rediyon Kaduna a 1962, a zamanin Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello, ta wannan akwati manomi da makiyayi da matar aure a cikin gida ke jin labarin duniya da tafsirin watan azumi da sanarwar rigakafi da farashin taki. Bayan dokar 1992 da ta ba 'yan kasuwa damar buɗe tashoshi, FM ya bazu a birane, amma ƙauyukan da ke nesa sun ci gaba da dogaro da gajere da matsakaicin zango.

Ta fuskar gidajen rediyo, hujjar komawa dijital tana da ƙarfi. Manyan na'urorin matsakaicin zango suna cin wuta ƙwarai, kuma lokacin da man dizil ya yi tashin gwauron zabo a 2022, tashoshi da dama a Najeriya sun rage sa'o'in aikinsu. Na'urar da za ta ci rabin wuta, ta kuma ɗauki shirye-shirye biyu ko uku a lokaci guda, misali Hausa da Fulfulde da Kanuri, za ta iya farfaɗo da gidajen rediyon jihohi da na tarayya.

Ta fuskar mai saurare kuwa, lissafin ya sha bamban. Bankin Duniya ya ƙiyasta a 2021 cewa 'yan Najeriya kimanin miliyan 85 ba su da wutar lantarki ta gwamnati, a Jamhuriyar Nijar kuma galibin jama'a ne ke cikin wannan hali. Akwatin da ke saurin cinye batir nauyi ne a kan irin waɗannan gidaje. Sannan miliyoyin mutane a yau suna jin FM ne ta ƙananan wayoyin salula irin su Tecno da itel ba tare da biyan ko sisi ba, alhali kusan babu wayar da ke zuwa da DAB+ ko DRM a cikinta.

Wasu na ganin cewa intanet ta riga ta sha gaban wannan muhawara, tunda ana iya jin kowace tasha ta waya. Sai dai sauraro ta intanet yana cin kuɗin data, kuma yana tsayawa da zarar layi ya ɗauke. Lokacin da hukumomi suka rufe layukan sadarwa a jihar Zamfara a watan Satumban 2021 saboda yaƙi da 'yan bindiga, daga bisani kuma a wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna, akwatin rediyo ne ya rage wa jama'a. Watsa shirye-shirye ta iska, na dijital ne ko na tsohon tsari, ba ya buƙatar rajista, ba ya cunkushewa don masu saurare sun yi yawa, kuma ba ya nuna wa kowa abin da mutum ke saurare.

Akwai kuma tambayar wanda zai riƙe makunnin. A tsarin DAB+ tashoshi da yawa ne ke bi ta na'ura ɗaya, saboda haka duk wanda ke iko da na'urar zai iya rufe bakinsu a lokaci guda, ko ya tsauwala kuɗin haya har ƙananan tashoshi su kasa biya. A yankin da hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin ta Najeriya ta taɓa sanar da soke lasisin tashoshi 52 a watan Agustan 2022 saboda bashi, inda kuma mahukuntan Nijar suka dakatar da RFI a 2023 da BBC a 2024 daga zangon FM, wannan ba batun injiniyoyi kaɗai ba ne. Ta wannan fuska DRM a kan gajeren zango yana da wata daraja, domin yana tsallake iyakokin ƙasashe kamar yadda tsohon tsarin ke yi.

Abin da za a iya koya

Idan aka haɗa waɗannan misalai, za a ga cewa inda dijital ya yi nasara, an bi wasu matakai ne a jere. An daɗe ana watsa shirye-shirye ta tsoho da sabon tsari a lokaci guda. An samar da sabbin tashoshi da ba a samun su a FM, waɗanda suka ba mutane dalilin sayen akwati. An kuma yi amfani da doka wajen sa masu ƙera motoci da masu shigo da kaya su kawo akwatunan da ke kama tsarin biyu. Inda aka gaggauta kashe tsohon tsari kuwa, gidan rediyon gwamnati ne ya fara asarar jama'arsa, kuma waɗanda suka fara faɗuwa su ne tsofaffi da masu ƙaramin ƙarfi.

Ga ƙasashen Afirka ta Yamma, hakan na nufin cewa yanke shawara kan tsari guda tsakanin maƙwabta, da sassauta harajin shigo da akwatuna, da ƙarfafa ƙera masu aiki da hasken rana, sun fi sayen manyan na'urori gaggawa. Norway, duk da arzikin man fetur da ƙarancin jama'arta, ta shafe shekaru 22 tsakanin buɗe tasharta ta farko ta DAB a 1995 da kashe FM a 2017, kuma duk da haka kashi biyu cikin uku na jama'arta sun ce an yi hanzari.